Ranar da Na Yi wa Baffa Tafinta

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yammata da ke Birnin Kudu, amma tushenmu wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Kwandiko, cikin Gwaram. Mahaifina ya rasu ina goye, don haka ƙaninsa ne ya riƙe ni, shi da matarsa. Baffa nake ce masa, ita kuma Inna. Ban taɓa jin an kira ni marainiya a gidan nan ba. Lokacin da aka riƙa cire sa'o'ina daga makaranta, Baffa ya ce ni sai na kai inda karatun ya ƙare, kuma shi yake goya ni a keke har bakin titi duk farkon zango, akwatina ɗaure a gaba. A garinmu in aka yi rikicin iyakar gona, ko shanu suka shiga hatsin wani, shi ake kira. Ba shi da sarauta, ba kuma malami ba ne. Mutane dai sun yarda in ya ce ga iyaka, to nan ɗin ce.

Ruwa shi ne babbar wahalarmu tun ina yarinya. Da damina ba laifi, amma da zarar rani ya yi nisa sai mata su tafi rafi su yi ta tonon yashi, a zauna jiran ruwa ya tsattsafo a kwashe da ƙoƙo. Ana haka wata ƙungiyar agaji ta Musulmin ƙasashen waje ta shigo yankinmu. Yadda suke yi shi ne, mutum a can zai ba da kuɗin rijiya sadaka ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa da suka rasu, sai a haƙa a nan, a ɗaura allon ƙarfe mai sunan mamacin, a ɗauki hoto a aika masa. Aka haƙa mana burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa a bayan masallaci, aka kuwa yi dace da ruwa mai daɗi. Ƙungiyar ta ce a kafa kwamitin mutanen gari da zai kula da rijiyar, ya kuma riƙa shaida cewa aikin da aka ce an yi, an yi shi. Ba a ma tsaya muhawara ba, Baffa aka ba shugabanci.

Ba a daɗe ba na zo hutu na tarar da sabon babur a zaure. Baffa ya ce na aikin kwamiti ne. Na yi masa murna, har na tsokane shi na ce gwiwoyinsa sun huta da keke. Ya yi dariya kawai.

Wata rana cikin rani ya kira ni a waya, muryarsa da fara'a. Ya ce wata babbar baƙuwa za ta zo daga ƙasar da ƙungiyar take, kuma ta ce lallai sai an samo mata mace, wadda ba ma'aikaciyarsu ba, ta yi mata tafinta don tana son shiga cikin gidaje. Jami'in ƙungiyar mai kula da yankinmu ya tambaye shi ko ya san wata, shi kuwa ya ce ai yana da ita a gida. Na ji alfahari a maganarsa. Na nemi izini a makaranta, na goge mayafina mai kyau.

A Birnin Kudu suka ɗauke ni da safe. Jami'in matashi ne mai yawan magana da raha, yana gaba kusa da direba. Baƙuwar tana baya, mace mai matsakaicin shekaru, da hijabi marar ado da takalmin roba. Likita ce, kuma tana cikin amintattun ƙungiyar, wato waɗanda aka ɗora wa sa ido a kan yadda ake kashe dukiyar da mutane suka bayar. Amma tun kafin mu yi nisa a hanyar Gwaram ta gaya mini cewa ba aikin kaɗai ya kawo ta ba. Rijiyar garinmu ita ta biya kuɗinta. Mahaifiyarta ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita, aka hana ta shan ruwa sai ɗan kaɗan, ta yi watanni tana roƙon a ba ta ko kurɓi ɗaya ne, ita kuma 'yarta, da yake ta san ciwon, ita ce mai hanawa. Ta ce tun ranar da aka binne ta ba ta iya shan ruwa mai sanyi ba tare da ta tuna ba. Tana faɗa tana riƙe da hannuna, kamar mun daɗe da sanin juna.

Mun tarar gari ya fito. An share bakin rijiyar tas, an shimfiɗa tabarmi, maza a gefe guda, mata can baya da tuluna da jarkoki. Allon yana ɗaure a jikin ginin, yana ƙyalli. Ta tsaya ta karanta sunan, ta shafa shi da yatsa. Sai ta kama hannun famfon da kanta ta tuƙa, ruwa ya zubo, ta tara tafinta ta sha, ta wanke fuska. Ban iya bambance ruwan da hawayen ba. Liman ya yi addu'a mai tsawo, Baffa ya yi jawabin godiya, ni kuma ina juyawa, ina jin daɗin yadda maganar ke fita a bakina ba tangarɗa. Na lura yana satar kallona yana murmushi.

Daga nan ta ce za ta shiga wurin mata. Jami'in ya so ya bi mu, na ce masa a nan ba a haka, ya tsaya a zaure tare da maza.

A tsakar gidanmu mata suka cika. Aka kawo fura da nono, aka yi ta godiya, wannan ta ce bayanta ya daina ciwo, waccan ta ce yaranta sun daina gudawa. A cikinsu akwai Gwaggo, yayar Baffa da mahaifina, tsohuwa ƙwarai, idonta ya fara tafiya, kuma ita ba ta san a rufe magana ba tun tana da ƙuruciya. Ta lalubo gwiwata ta ce:

"Ke 'yar nan, tambaye ta, tata wacce ce a ciki? Ta farkon ce, ko wadda aka ɗaura bayan babbar salla, ko ta shekaranjiya?"

Ban gane ba da farko. Na ce wace ce wacce, Gwaggo?

"Ƙarfen nan mana. Duk sanda suka canza shi sai a ce mu yi wa wani mamaci addu'a. Ni duk ina yi musu, amma tun da ga 'yarta ta zo har gida, gara in san wadda nake nufi."

Inna tana zaune kusa da ni, ta ɗora hannu a kan ƙafata ta ɗan matsa. A matsawar nan na gane abin da ake ciki, na kuma gane kowa a wurin ya sani sai ni da baƙuwar. Rijiya ɗaya ce, ana ta canza mata allo ana ɗaukar hoto, ana aika wa mutane daban-daban cewa ga tasu.

Baƙuwar ta juyo tana murmushi ta tambaye ni me tsohuwa ta ce.

Da na ce mata tana yi wa mahaifiyarki addu'a ne, da ban yi ƙarya ba, kuma maganar ta zo mini a zuciya. Daga baya wasu sun ce jarumta na yi, wasu sun ce butulci. Ni dai abin da na sani, hannuna bai manta da riƙon da ta yi masa a mota ba, kuma bakina tun safe ya saba da juya abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Na gaya mata duka, kaina a ƙasa. Inna ta janye hannunta.

Baƙuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ludayin furar, ta gode wa Gwaggo, ta ce mu koma waje.

A zaure jami'in ya ji abin da ya faru, sai ya kama dariya, ya ce ai ruɗewar tsufa ce, tsohuwar ko gani ba ta yi. Baƙuwar ba ta kalle shi ba. Baffa ta fuskanta, ta ce in tambaye shi. Ni da ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ni da ban taɓa ce masa don me ba, yau ga ni a gaban dattawan gari zan tuhume shi da bakin wata. Na ce:

"Baffa, wai tana tambaya, allon nan shi kaɗai aka taɓa ɗaura wa rijiyar?"

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi na gani a idonsa ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Sai ya miƙe ya shiga cikin gida, ya dawo rungume da wani buhu, ya sauke a kan tabarma. Ya fito da allunan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne an goge shi an naɗe shi da tsohon rawani, don a cewarsa akwai sunan Allah a jiki, ga kuma sunayen matattu, bai kamata su sha ƙasa ba.

Ya yi bayani a hankali, yana tsayawa in juya, kamar yadda ya yi a jawabin godiya. Ya ce jami'in ne ya zo masa ya ce an gwada haƙa a wasu ƙauyuka an tarar da dutse, kuɗin ya ƙare a gwaji, kuma in mutanen can suka ji haka za su daina bayarwa, duk yankin ya yi asara. Ya ce masa ai lada niyya ce, kowa ya sha ruwan nan duk waɗanda suka bayar za su samu. Baffa ya ce karo na farko ya yarda da zuciya ɗaya. Karo na biyu zuciyarsa ta ƙi, amma lokacin babur yana zaurensa, kuma ya riga ya gaya wa mutane su yi addu'a, sai ya ga ba ya iya komawa ya ce musu wancan ma ba daidai ba ne. Bai taɓa zuwa ƙauyukan ya duba ko da gaske an gwada ba. Ya ce wannan shi ne aikin da aka ba shi, kuma shi ne bai yi ba.

Duk wannan ta bakina ya bi. In ya ce "na yarda", sai in ce na yarda. In ya ce "ban je ba", sai in ce ban je ba. Na ji kamar ina tuɓe masa riga a kasuwa. Dattawan da ke zaune kowa ya sunkuyar da kai, wani yana tsinke zaren tabarma. Jami'in ya fita wai zai amsa waya.

Baƙuwar ta tambaya ko ta mahaifiyarta ce ta farko. Baffa ya ce a'a, tata ce ta ƙarshe, kuma ya ji an ce a wani ƙauye wajen Basirka ya kamata a haƙa ta. Ta ce a kai ta ta gani.

Muka tafi da la'asar, Baffa bai biyo mu ba. Abin da muka tarar wani ɗan dandamalin siminti ne a gefen gonar wani, da guntun bututu a tsaye an toshe bakinsa da tsumma. Mutanen wurin suka ce motar haƙa ba ta taɓa zuwa ba, magina ne kawai suka zo suka zuba siminti suka ce saura na tafe. Muna tsaye wasu mata suka wuce da tuluna a ka, ƙafafunsu duk yashi, suka gaishe mu suka yi gaba. Baƙuwar ta zauna a kan dandamalin.

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka shigo Birnin Kudu ta tambaye ni, mutumin nan mai allunan, na san shi ne? Na ce shi ya raine ni. Ta rufe fuskarta da hannu biyu, ta ce da ta sani ba za ta sa ni ba. Na ce mata shi ne ma ya kawo ni.

Bayan wasu makonni ƙungiyar ta aiko masu bincike. Suka zagaya duk inda aka ce an haƙa rijiya a Gwaram da Birnin Kudu, har wajen Yalwan Damai. Wasu rijiyoyin suna nan suna aiki, wasu kuwa siminti ne kawai. Aka gano jami'in da ɗan kwangilar bakinsu ɗaya. Aka kori jami'in, aka kai maganar gaban hukuma, ɗan kwangilar kuma aka neme shi aka rasa. Sai aka kira taron jama'a a filin firamaren garinmu. An sake nemana in yi tafinta na ce ba zan iya ba, amma na je, na zauna can baya cikin mata, na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

Wani dattijo daga cikin amintattun ne ya yi magana. Na zaci zai zazzage wa mutanenmu ne, amma da kansu ya fara. Ya ce sun yi shekaru suna karɓar hoto a madadin zuwa su gani. Suna matsa wa ma'aikatansu a gama rijiyoyi kafin azumi ya fita, saboda lokacin ne mutane suka fi bayarwa, kuma sun bar mutum ɗaya shi ke zaɓen ɗan kwangila, shi ke biya, shi ke kai rahoto. Ya ce za su koma su gaya wa duk wanda aka yaudara gaskiya, ko da hakan zai sa wasu su juya musu baya. Daga nan ya faɗi abin da ya fi taɓa mutane: an dakatar da duk aikinsu a yankin sai an gama gyara tsari, har da abincin azumi da tallafin marayu. An rushe kwamiti, za a zaɓi sabo a bainar jama'a, da mata a ciki.

Ana tsakiyar haka sai ga Baffa. Bai hau babur ɗin ba, turo shi ya yi tun daga gida, gumi ya jiƙa masa riga. Ya kafe shi a gaban baƙin, ya ajiye makulli a kan kujera, ya koma gefe ya tsuguna a rana. Masu binciken sun tabbatar ban da babur ɗin ba abin da ya shiga hannunsa, kuma an faɗi haka a wurin. Amma ban ga hakan ya ɗaga masa kai ba.

Azumin shekarar ya zo babu buhunan da aka saba rabawa. Akwai gidajen da suka dogara da su ƙwarai, na san su, wasu ma 'yan'uwanmu ne. Wata ƙawata ta ƙuruciya mai riƙe da marayu ta aiko mini da saƙo ta bakin ƙanwarta, wai a gaya wa malama sun gode. Inna ta daina ɗaukar wayata. Na ji labarin Baffa ya bar sahun gaba a masallaci, kuma in aka zo kiransa rabon iyaka sai ya ce a nemi wani. Ƙaramar salla ta zo ban je gida ba, na ce aikin makaranta ne ya riƙe ni. A gaskiya ban san da wace fuska zan shiga garin ba. In na tuna allunan sai in ji kunyar baƙuwar, in na tuna Baffa tsugune a rana sai in ji kunyar kaina. Ko a ɗakin malamai in aka ɗauko hirar sai in tashi in ce ina da aji.

Sai da kaka na daure na je. Na same shi a bayan gida yana ɗaure damin dawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi makaranta da yarana. Na fara cewa ya yafe mini, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba ki ƙara ba, ba ki rage ba," in ji shi. "Ina jin ki ai. Ko ban san Turanci ba, na san tsawon maganata."

Ya ci gaba da ɗaurin, can ya ce shi ba faɗar ce ta dame shi ba, ya san wata rana za a faɗa. Abin da yake hana shi sukuni shi ne a kunnena ta faɗa. Ya ce ya so a ce na gama rayuwata ban san wannan a kansa ba. Sai na kama igiyar na riƙe masa ya ƙulle.

Inna ba ta yi mini doguwar magana ba, amma da zan tafi ta haɗa mini kuka da daddawa da ɗan riɗi a leda, ta ce in gaida yara. Ta kuma gaya mini, ba tare da ta kalle ni ba, cewa an zo da motar haƙa ƙauyen nan na wajen Basirka, an samu ruwa, kuma ana cewa ƙungiyar za ta dawo da rabon abinci azumi mai zuwa. A sabon kwamitin har da ƙawar tawa.

Na hau babur ɗin haya zuwa bakin titi. Mai babur ɗin ba ɗan garinmu ba ne, bai san ni ba, kuma mai son hira ne. Muna wuce masallaci ya nuna rijiyar da haɓa, ya ce ko na ji abin da ya faru a nan? Ya ba ni labarin tun daga farko, ya ƙara da nasa, har da cewa wai an tarar da kuɗi binne a ɗakin tsohon. Ya ce kuma abin mamaki, 'yar da ya raina ya kai makaranta ita ce ta tona masa asiri a gaban baƙi. Ya tambaye ni, Hajiya, ke ya kika ga wannan?

Na ce masa maganar kuɗin da aka binne ba gaskiya ba ce. Ya ce to, shi dai haka ya ji. Muka iso titi. Na sauka na sallame shi, na tsallaka na tsaya jiran motar Birnin Kudu.